Karatun jirgina a cikin ƙwaryar nono

Jama'a, abin da zan faɗa muku wallahi ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun baya ne, lokacin ina kabu-kabu tsakanin Konni da ƙauyukan Alela, kuma kada ku raina mai babur ɗin nan, don a lokacin na ci dukkan jarrabawar takarda ta matuƙan jirgin sama a ƙasar waje. Mahaifina ya sayar da kamyonsa, babbar motar dakon siminti, ya tura ni. Sai dai abin hannu ya ƙare kafin in cika awoyin tuƙi, na dawo gida ina jiran ko wani kamfani zai ɗauke ni ya ƙarasa min.

Ga wanda bai sani ba, karatun nan yakan zube in ba a taɓa shi. Malamanmu sun ce a riƙa maimaitawa da baki, shi ya sa in na hau hanya ba fasinja nakan yi ta karantowa da ƙarfi cikin Faransanci: sunayen gizagizai, lissafin mai, dokokin sararin sama, yadda iska ke ɗaga fiffike. Abokan aiki har suna kirana Komanda, ba don girmamawa ba.

Ranar nan da tsakar rana, ga zafi, ga raina a ɓace don wani kamfanin jirgi ya sake ce min in jira, sai wata tsohuwa ta tsayar da ni gindin wani gawo, nesa da kowane ƙauye. Shigar Fulani gare ta, da ƙwarya rufe da faifai. Ta hau, ni kuwa ban ji babur ya nuna alamar an hau shi ba.

Mun ɗan taɓa tafiya ta ce, "Ɗana, mi kaka karantawa ɗazu? Tun nesa nij jiya ka."

Na ce karatun jirgi ne, Inna. Ta ce in yi mata ta ji. Na daɗe ban samu mai saurare ba, sai bakina ya buɗe, na yi ta zubowa babi bayan babi, har abin da na ɗauka na manta ya dawo. Ta madubi na ga ta ɗage faifan, ƙwaryar babu komai ciki, ta riƙe ta a buɗe kusa da kafaɗata. Babur kuma ya fara nauyi, yana nishi kamar na ɗauko buhunan gero, ni da na karanta lissafin nauyi amma ban tsaya na yi tunani ba.

Ta ce, "Wanga abu na da kyau. Ka ba ni?"

Na yi dariyar takaici na ce, "Ɗauki, Inna, na ba ki kyauta. Ni mi yat tsinana mini?"

Ta mayar da faifan ta rufe, ta ce in tsaya nan. Wurin fili ne fetal, ba bukka ba shanu. Na ce kuɗin hawa fa? Ta ce, "Ai kai ka biya." Ta ɗora ƙwaryar a ka da ƙyar, da hannu biyu. Na sunkuya in tayar da babur, na ɗago, ban ga kowa ba.

Da yamma na buɗe littafina. Haruffan ina karanta su, Faransancina yana nan, amma ma'ana babu ko ɗigo. Na yi watanni ina sake bi daga farko, abin da na haddace da safe kafin azahar ya tafi. Na sha rubutu, an yi min tofi a Illela, shiru. Ana cikin haka kiran da nake jira ya zo. A gaban masu tantancewa aka tambaye ni sunan gajimaren da ke kawo hadari, abin da ɗan aji ɗaya ya sani, na tsaya ina kallonsu har suka ce in tafi. A motar dawowa gida na yi ta kuka har Dogon Dutsi.

Daga baya wani makiyayi da na ɗauko ya ce min su ba sa kiwo kusa da gawon nan da rana tsaka, wai ana jin wani yana Nasaranci. Na je. Na rantse da Allah muryata na ji, tana karanto dokokin sauka tiryan-tiryan ba gargada, ni kuma ina tsaye ban gane ko jimla ɗaya ba. Na roƙa a mayar min, muryar ba ta ko dakata ba.

Yanzu ina gadi a Malbaza. Mahaifina ya tsufa, idonsa ya tafi, kuma har yau ban iya faɗa masa ba. In ya ji ƙarar jirgi can sama yakan ce, "Wanga wane iri na, ɗana? Irin shi za ka tuƙa?" Sai in ce e, Baba.

Don Allah, komai ɓacin ranku, abin da kuka sha wahala a kansa kada ku ce wa baƙo kun ba shi, ko da wasa. Akwai masu karɓa.