Godiyar da Aina'u ba ta yi ba

Aina'u maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Tana aji biyar na firamare sanƙarau ya kwantar da ita, ta tashi da ranta amma ji ya tafi. Da farko tana magana da baki, sai muryar ta riƙa fita a karkace, yara suna kwaikwayonta, ita kuwa ba ta ɗaukar raini. Ta rufe bakin ta koma maganar hannu. Allah ya so ta iya karatu kafin ciwon.

Sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli, kuma duk garin ba mai hannunta a tuya. In ta gama aiki da la'asar sai ta shigo ɗakina, don mu ne masu sola da talabijin. Ba ta zama a tabarma tare da mu. 'Yar kujera take jawowa har gaban akwatin, ta kafa ido a ƙasan gilashi inda rubutu ke fitowa, ta tare wa kowa. Fim ɗin da ba rubutu, a wurinta mutane ne kawai ke tauna iska. Mai rubutun ma bai tsira ba. In ya yi sauri ta buga cinya, in farin rubutu ya hau kan farar riga ya ɓace ta yi tsaki, in mai fassara ya gaji ya bar rabin fim ba komai sai ta zungure ni, wai in gaya mata wa ya saki wa. Turancin da ake sa wa finafinai tsinta-tsinta take yi. Amma akwai wani shiri na masu buƙata ta musamman da wata tasha ke nunawa duk mako, da rubutun Hausa a ƙasa. Wannan kam, ko mai na kan wuta sai ta sauke. Ta sha gaya mini cewa mutane na rage mata zance, su yi ta dariya sannan su ce mata ba komai, amma rubutu bai taɓa yi mata haka ba.

Damuwarta ɗaya ce, asibitin garinmu, inda da baki ake kiran suna. Da cikinta na biyu sau uku ta je awo tana wuni a benci, ana kira ba ta sani ba har a tashi. Ta yi zuciya ta daina zuwa. Haihuwa ta zo da gardama, ɗan bai zo da rai ba. Bana ga wani cikin wata biyar, tsoro ya hana ta sukuni.

Ana cikin haka masu wannan shirin suka zo garinmu. Kwana biyu Aina'u ta yi tana shirya abin da za ta faɗa. Ba keken ɗinki ta roƙa ba. So take a riƙa ba da lamba a takarda, ko a ɗaga kati, ko dai wani ya taɓa kafaɗarta in an zo kanta. Aka yi hirar a ƙofar gidan dagaci, mu mata muna leƙe daga nesa. Yayanta Kamaruddeen ne ya tsaya mata tafinta, don tun suna yara ya fi kowa gane hannunta. Ni na manta shaf cewa watansa biyu ke nan da samun aikin gadi a asibitin.

Ranar da aka nuna shirin ɗakina ya cika maƙil. Ga Aina'u a talabijin da mayafinta ruwan toka, ta nuna zaman benci, ta nuna kunnenta, ta shafa ciki sannan ta buɗe tafukanta wayam. Ni da na san hannunta sai da idona ya kawo ruwa. A ƙasa kuwa rubutu ya fito fes, ba sauri, ba ɓacewa: "Muna godiya ga ma'aikatan asibiti, suna kula da mu kurame yadda ya kamata."

Abin da Kamaruddeen ya faɗa ke nan, su kuma suka rubuta. Mata suka ɗau shewa. Ita ta karanta, ta juyo ta tambaye ni da hannu ko muryarsa ma haka ta ce. Na gyaɗa kai. Wallahi ban taɓa jin kunyar ina da kunne ba sai ranar.

Na aika aka kira mini shi zaure. Na ce, "Kamaruddeen, ka ji tsoron Allah. Abin da ƙanwarka ta ce ke nan?"

Ya ce, "Haba Yaya Kulu, so kike a kore ni? Ai gyara mata zancen na yi. Zan yi musu magana a gefe, in sha Allahu."

Ko ya yi, ko bai yi ba, oho. Da ranar awo ta zagayo na ce in raka ta, ta ƙi, wai ita ba yarinya ba ce. Har azahar ba ta dawo ba, sai na bi sawu. Na tarar da ita ita kaɗai a benci, katinta a hannu. Ma'aikaciyar da ke kiran suna tana kulle ƙofa, ta gan mu ta washe baki, ta ɗaga wa Aina'u babban yatsa.

Ta ce da ni, "Ai mun gan ta a talabijin, ta kyauta mana. Ke ce 'yar'uwarta? Ki gaya mata sau biyu na kira sunanta, ta dawo mako mai zuwa."