Wayar Tayyiba a Hannun Babanta

Wallahi wani dattijo ne tsugune gaban rumfar caji a kasuwar Illela, hula ta karkace, gumi har gemu. Yana gaya ma mai caji wayar ɗiyarsa ce ya kawo daga Garu, ya taɓa wasan lissafinta, ya ɓata dama biyu, in ta ƙarshe ta tafi duk abin da ta ci ya goge. Da gani ita kaɗai ke boko a gidan.

Tambayar da wasan ya kawo: awaki da kaji ne, kawuna goma, ƙafafu talatin da biyu, wai awaki nawa? Yana ta jera tsakuwa a ƙasa.

Dattijon ya dubi mai caji: "Yaro, mi zan ce ma Tayyiba?"

Ya danna biyar. Waya ta yi ja. Yanzu haka yana ta goge gilashin da bakin riga, kamar jan zai fita.