Katin Ɗakin Sanyi

Auta ake ce mata a gida, ko da yake an haifi ƙanne biyu a bayanta. Sunan ne ya liƙe. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, a shagonsa ta iya riƙe sukudireba tun kafin ta iya ɗaurin ɗankwali. Da ya rasu, gadonta bai wuce wata tsohuwar kwamfuta da aka kawo gyara aka ƙi dawowa karɓa ba. A kanta ta koyi rubuta manhaja. Ta yi aiki a shagon buga takardu, ta koma ƙananan kamfanoni tana gyara abin da wasu suka jagwalgwala, har aka san ta da cewa ba a kutsa abin da ta kulle.

Ana nan sai wani babban kamfani na tura kuɗi ta waya ya neme ta, ta shugabanci tsaron bayanansa. Da ta faɗa wa Yayanta albashin, cewa ya yi ta koma ta duba, wataƙila hannun wani ne ya zame a kan sifili. Inna kuwa ba ta yi dariya ba.

"Me za ki riƙa yi musu?"

"Tsaro, Inna."

"Gadi ke nan?"

"Kusan haka."

"To, ni dai ban taɓa ganin mai gadin da aka biya haka don tsaron ƙofa kaɗai ba."

Ofishinta yana bene na ƙarshe, bangon gilashi, da kafet mai haɗiye ƙarar takalmi. Aka ba ta wani baƙin kati na buɗe ɗakin sanyi, inda manyan na'urorin ajiyar bayanai ke gurnani ba dare ba rana. Aka ce nata ne kaɗai ke buɗewa. A durowar teburinta ta tarar da tabarau da maganin gyambon ciki na wanda ta gada. Ta tambayi sakatariya ina yake, ta ce, "Ya tafi," ta ci gaba da danna waya.

A kantin magani ta haɗu da mutumin da ta gada. Dogon mutum, riga ta yi masa yawa. Ya ƙura wa katin da ke wuyanta ido.

"Ke suka ba wa? Ƙanwata, duk abin da aka yi a ɗakin nan, da sunanki zai fito." Ya karɓi maganinsa ya fice, bai waiwayo ba.

Daraktan kamfanin mutum ne mai sanyin murya, ba ya faɗa. Da idon Inna ya buƙaci aiki, shi ya biya, alhali Auta ba ta taɓa gaya masa ba. Bayan nan ne ya kira ta, ya ce akwai bayanan wasu tsofaffin hada-hada da yake so a goge, shara ce kawai.

"Ranka ya daɗe, a rubuto mini umarnin, sai in yi."

Ya yi murmushi. "Haba Auta, tsakaninmu har da rubutu?"

Babu wanda ya san wannan sunan a ofishin.

Bai sake tayar da maganar ba, har ma aka ƙara mata albashi. Sai wata safiya tana bincikenta na yau da kullum ta ga bayanan sun ɓace. Na'ura ta nuna ita ce ta shiga ɗakin ta goge su, a ranar da take asibiti tana riƙe da hannun Inna, katin yana cikin jakarta. Ashe katin yana da ɗan'uwa.

Ba ta yi hayaniya ba. Ta je wurin lauya ta zayyana masa komai, washegari ta ajiye aikin. Darakta da kansa ya raka ta bakin lifta.

"Ƙofarmu a buɗe take. Ki gaida Inna, da Yayanki mai shagon taya."

Ta saki babban gidan da ta kama haya, ta koma ɗakinta na da, tana koyar da rubuta manhaja a wani shago mai fanka ɗaya. Daga baya ta ji an tsare dogon mutumin nan. Ita ma masu bincike sun kira ta, sun yi mata tambayoyi sun sallame ta. Ba su ce tana da laifi ba, ba su kuma ce ba ta da shi ba. Yanzu in baƙuwar lamba ta kira, sai ta tsaya kallon wayar har ta katse.

Kwanan baya 'yar ƙanwar Inna, wadda ta gama karatun kwamfuta, ta shigo mata da murna. Kamfanin na neman wanda zai hau kujerar, kuma albashin ya fi na da.

"Yaya Auta, kin san su. Ki sa mini baki mana."

Auta ta tashi ta rufe ƙofar shagon, ta ce mata ta kashe wayarta tukuna, sannan ta zauna.