Noelene da Gaɓa ta Shida

Noelene Trebilcock ta shekara talatin da ɗaya tana miƙa wa likitoci wuƙa da almakashi a ɗakin tiyatar ƙashin baya, a wani asibiti a Adelaide. Gajeruwa ce, ga murya, ga son tambaya. Abokan aikinta kan ce in ka zauna shan shayi da ita, kafin ya huce ta san sunan karenka da abin da ya raba ka da matarka.

Wata Talata da hantsi aka kawo Col Huxtable, mai askin tumaki, wanda ciwon baya ya hana shi sunkuyawa. Aka sa shi barci, aka kifa shi. Dakta Fergus Macalister ya ƙirga gaɓoɓin baya a hoton ƙashi, ya ɗiga alama a fata. Noelene ta ɗauko wuƙa za ta miƙa, sai idonta ya faɗa kan Tevita, ɗan ƙasar Tonga mai ɗaukar hoton. Takunkumi ya rufe masa baki, amma goshinsa ya tattare.

Ta riƙe wuƙar.

"Noelene, sai na rubuto takarda za ki ba ni?" in ji likita.

"Sake ƙirgawa dai, Fergus. Tevita, me ka gani?"

Tevita ya ce ƙasa-ƙasa, "Kamar shida ne, likita."

Yawancin mutane gaɓa biyar gare su a ƙasan baya, shi kuwa Col da shida aka halicce shi. Likita ya sake ƙirgawa, ya ja tsaki, ya goge alamar ya matsar da ita. Da an yanka a wurin farko, da lafiyayyar gaɓa aka taɓa.

Aiki ya yi kyau, amma abin ya tsaya wa Noelene a rai. Mutum bakwai ne a ɗakin. Nawa ne suka gani suka yi gum? Ta tarar da Tevita a ɗakin hutu yana cin rogo da naman gwangwani.

"Kai, ƙaton banza, da ban kalle ka ba fa?"

"Da na yi tari, Anti."

"Tari! Ana shirin yanka bawan Allah, kai kana tari?"

Ya yi dariya, sannan ya ajiye cokali. "A gidanmu ba a gyara wa babba magana a gaban jama'a. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita."

Dakta Meenal, mai sa barci, ta ce ita ma ƙirgar ba ta kwanta mata ba, amma ta ɗauka Fergus ya san wani abin da ba ta sani ba. Shi kuwa Fergus da Noelene ta tare shi a bakin mota, mamaki ya yi. Ya ce ai ƙofarsa a buɗe take ga kowa.

"Ƙofarka a buɗe, fuskarka a rufe," in ji ta.

Kwana biyu ba ya yi mata magana. A na uku, kafin a fara aiki, ya ce Tevita ya ƙirga gaɓoɓin da ƙarfi kowa ya ji. Haka aka ci gaba da yi.

Daga nan duk likitan da ya zo koyon aiki daga wata ƙasa sai Noelene ta ja shi gefe: a wurinku, wa ke iya cewa a dakata? Kowanne ya rantse kowa na iyawa. Sai a wani taro a Melbourne ta haɗu da nas-nas ɗin wasunsu, ta yi musu tambayar. Suka kalli juna, ɗaya ta fashe da dariya har da hawaye. Noelene ta ce ba ta jin likitocin ƙarya suke yi. Su dai ba su taɓa jin nauyin bakin nan ba.

Bara ta ajiye aiki, ta koma Port Lincoln kusa da ƙanwarta, tana ninƙaya a teku da safe tare da wasu tsofaffin mata. Watan jiya nata bayan ya fara, ƙafar hagu na mutuwa, an kuma sa mata ranar tiyata. Ta riga ta buga waya sau biyu tana neman sunayen duk waɗanda za su tsaya a ɗakin.