Matar da Ke Sauraron Waɗanda Bakinsu Ya Mutu

Malama Hajaratu kan riga mai shara isa asibiti a Ƙanƙara. Ta goge wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ta duba ko batirin na'urarta zai kai azahar, sannan ta buɗe ƙofa. Aikinta shi ne manna wayoyin a kan majiyyaci, na'ura ta zana motsin ƙwaƙwalwarsa a allo. A da yawanci masu farfaɗiya take gani. Shekarun nan kuwa, daga Faskari har Sabuwa, waɗanda 'yan bindiga suka rotsa wa kai ake kawo mata, ido buɗe amma ba baki.

Haka aka kawo Malam Abdulƙarim daga Mabai, an doke shi da gindin bindiga a gonarsa. Sati shida ko uffan bai ce ba. Yayansa, Alhaji Salihu, ya sare.

"Malama, mi ya rage? Gangar jiki ce kurum. Mu tahi da shi gida."

Kowa ya san ma'anar gida: a zare robar abinci, a zauna jira.

"Alhaji, ba ni rabin awa."

Ta manna wa Malam Abdulƙarim wayoyi, ta kira sunansa. Layukan allo ko gezau. Sai ta dubi matarsa.

"Suwaibatu, ke kira shi. Da sunanshi."

Suwaibatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Shekara ashirin da biyu da aure, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, balle a gaban yayan miji.

"Malama, da kunya."

"Kunya ta jira waje. Muryarki ya sani."

Ta sunkuya, ta furta. Layukan suka hargitse. Aka sake har sau uku, duk haka. Alhaji Salihu ya sulale ƙasa ya zauna, yana cewa, "Ashe yana jin mu. Duk abin da muka hwaɗa, yana ji."

Har yau Malam Abdulƙarim bai yi magana ba, wataƙila ba zai yi ba. Amma yana raye, yana matse hannu idan an tambaye shi.

Malama, ke ce kunnen marasa baki. Ke kika hana a yi wa mai rai zaman makoki. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri.

Watan gobe Malama Hajaratu za ta ajiye aiki, kuma abin takaici, babu wanda ya koyi na'urar. Matasanmu masu karatun lafiya, ku zo ku zauna kusa da ita tun tana nan. Jiya ma mutum biyu aka kawo daga Yankara.