Sandar Bakin Shago

Jiya ina gyara buhunan gero na ga sandar Baffa a bayan ƙofa. Shekara ke nan da rasuwarsa, shagon yana hannuna. Na goge mata ƙura. Wurin da yake kamawa ya yi santsi, har yanzu da ɗan ƙamshin man zafi. Ban ji komai ba.

Baffa, ƙanen mahaifina, ba ya kulle shago da rana. Da an kira azahar sai ya gitta sandar nan a bakin ƙofa, ya tafi gida ya ci abinci cikin iyalinsa, ya kishingiɗa har la'asar. Duk Matameye an san ma'anarta.

Wata ranar kasuwa wani Alhaji ya zo daga Kance da mota, yana sauri. Ya tarar Baffa ya gitta sandar, na ce, "Baffa, a sallame shi mana."

Baffa ya dube shi ya ce, "Alhaji, gero zai jira mu, tuwo kuwa hucewa yake. Taho mu je gida." Mutumin ya wuce wani shago. Baffa ya ci tuwonsa da miyar kuka, jikarsa a cinya.

Ni a tsaye nake ci, likita ya ce jinina ya hau. Jiya dai na gitta sandar na tafi gida. Mai ɗakina ta ce, "Maigida, lafiya?" Ba a ajiye mini abinci ba, an daɗe da dainawa. Na zauna a tabarma ina kallon yara suna ci.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sa inda ya tafi an ajiye masa nasa.