Baba Dalma da Injin Ƙyanƙyasar Ƙanwarsa

Baba Dalma ake ce masa, domin ko da wane sabulu ya yi wanka, warin dalmar liƙin waya ba ya barin rigarsa. Shekara talatin ya yi a shago ɗaya, ƙarƙashin matattakalar wani bene, yana gyaran rediyo da talabijin. Da mutane suka koma kan wayar hannu, sai aiki ya ja baya.

Ƙanwarsa tana kiwon kaji a bayan gidanta. Wata safiya ta faɗo shagon, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, ƙwai ɗari uku sun dahu a injin ƙyanƙyasa. Na raka maigida asibiti, kafin in dawo zafi ya haye."

"Sun dahu? To ina rabona?"

"Kai dai komai wasa," in ji ta, idonta ya ciko.

Nan ya bar wasan. Ya san abin da injin yake bukata: mai gadin da zai riƙa auna zafi, ya kunna fitilar ɗumama ƙwai ko ya kashe, ya kuma kai ƙara in abu ya ɓaci. Ya sha ganin wasu ƙananan kwamfutoci a shagon da yake sayen kayan gyara, allo guda ne kamar tafin hannu, da jerin ƙusoshi a gefe na jona waya. Washegari ya je.

Mai shagon ya miƙo masa babbar cikinsu. "Ɗauki wannan, Baba. Har fim za ka kalla a kanta."

"Kajin ne za su kalla?"

Ya gyara tabarau ya yi ta tambaya. Wuta nawa take ci? Tana ɗaukar zafi? Ƙusoshinta za su isa ma'aunin zafi da fitila da injin juya ƙwai? Daga ƙarshe ya zaɓi ƙarama. Batir ɗaya zai riƙe ta wuni guda in an ɗauke wuta, kuma ba ta bukatar fanka, balle ta zuƙi ƙurar ɗakin kaji.

Liƙin wayoyi bai ci masa awa biyu ba. Rubuta wa kwamfutar umarni ne ya sa shi gumi. Babbar 'yarsa, malamar lissafi ce a sakandare, takan zo ƙarshen mako ta zauna gefensa, shi kuwa yana danna haruffa da yatsa biyu.

"Baba, ka bar waƙafi a layi na tara."

"Waƙafi ɗaya shi zai tsayar da aiki? Rediyo ko mari ka yi mata tana tashi."

Da ƙwai talatin suka gwada. Bayan kwana ashirin da ɗaya, tara kawai suka fasa. Ya koma ya sa ma'aunin zafi na asibiti a tsakiyar tire, sai ya ga laifin nasa ne. Ya ɗaura ma'aunin kwamfutar kusa da ƙofa inda iska ke shiga, ita kuma ta ɗauka sanyi ake yi, ta yi ta ƙara wuta.

"Ni na kashe su," ya ce wa ƙanwar. "Ba ni wata dama."

Ya mayar da ma'aunin tsakiyar ƙwai, ya kuma sa kwamfutar ta riƙa tura saƙo wayar ƙanwar in zafi ya kauce. A karo na biyu, cikin ɗari biyu, ɗari da saba'in suka fito. Ta kira shi, ta kara wayar a bakin kwalin 'yan tsaki.

Yanzu wani maƙwabcinta mai kiwon kifi ya maƙale masa, wai a sa masa mai auna ruwa. Allon farko da ya haɗa masa ya sulluɓe cikin tafkin kifin ranar da aka kafa shi. Na biyun yana kan teburin Baba Dalma, cikin roba mai murfi, yana huda mata ramin waya.